Yadda Ake Sayen Kayan Bakancen Etruskawa Na Gasasshen Yumɓu Ba Tare Da An Sayi Na Sata Ko Jabu Ba

Idan aka miƙo maka kan mutum na gasasshen yumɓu aka ce aikin Etruskawa ne, kada ka bari kyan fuskar ya ɗauke maka hankali. Juya shi ka dubi ƙeyar, sa'an nan ka haska fitila ta ƙasan wuya ka leƙa cikinsa, domin a can ne, in har na gaske ne, za ka ga sawun yatsun maginin da ya danna ɗanyen yumɓu cikin mazubi fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sai dai tun kafin hannunka ya kai gare shi akwai tambayar da ta fi wannan dubawa muhimmanci, wato a hannun wa abin ya zauna kafin ya iso teburin wannan dillali, kuma a wace shekara ya bar Italiya. A ganina wanda zai shiga wannan harka takarda yake fara saya, yumɓu ya biyo baya.

Etruskawa al'umma ce da ta zauna a tsakiyar Italiya, tsakanin kogin Arno da kogin Taiba, a yankin da yau ya ƙunshi Tuskani da arewacin Lazio da wani ɓangare na Umbriya. Birane ne masu cin gashin kansu, irin su Veii da Tarquinia da Vulci da Chiusi da Caere, wadda yanzu ake kira Cerveteri. Rumawa sun ci Veii da yaƙi a shekara ta 396 kafin Miladiyya, daga nan suka riƙa haɗiye sauran biranen ɗaya bayan ɗaya, har zuwa ƙarni na 1 kafin Miladiyya lokacin da Etruskawa suka narke cikin daular Rum.

A daidai wannan zamani, musamman daga ƙarni na 4 zuwa na 2 kafin Miladiyya, wata al'ada ta yi ƙarfi a wuraren bautarsu. Mai neman lafiya ko haihuwa ko albarkar dabbobi yakan yi bakance ga abin bautarsa, irin su Uni da Menrva da Vei, ya kai wata siffa ta yumɓu ya ajiye a haikali, ko dai a matsayin roƙo ko kuwa godiya bayan buƙata ta biya. Akwai kawunan maza da mata, wasu cikakku wasu rabi kamar an tsaga fuska biyu, akwai ƙafa da hannu da ido da kunne da nono da al'aura da mahaifa, akwai faranti mai nuna zuciya da hanji da sauran kayan ciki, akwai jarirai a naɗe cikin zane, da shanu da aladu. Idan haikali ya cika, ba a zubar da su, tun da sun riga sun zama mallakar abin bauta, sai a haƙa rami a cikin harabar a binne su dubbai a wuri ɗaya. A shekarar 1885 an tono irin wannan tari a wani wuri da ake kira Vignaccia a Cerveteri, kuma kayan da aka samu sun watsu zuwa gidajen tarihi daban-daban har da na Amurka. Yawan nan nasu shi ya sa farashinsu bai kai na tulunan Girka masu zane ba, shi ya sa kuma sabon mai tara kayan tarihi ya fi faɗawa kansu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, kalmar "na Etruskawa" da ake liƙa wa kayan nan a kasuwa sau da yawa zato ne kawai. Maƙwabtansu na kudancin Lazio da na Kampaniya da Rumawa kansu duk sun yi wannan al'ada da siffofi kusan iri ɗaya, kuma ɗaya daga cikin manyan tarin ƙafafun yumɓu da aka sani ya fito ne daga Ponte di Nona, gabas da birnin Rum, wanda ba ƙasar Etruskawa ba ce. Masana da dama suna danganta kan da aka lulluɓe da mayafi da al'adar Rumawa ta rufe kai yayin hadaya, amma ko wannan ba ƙa'ida ce da ba ta da togaciya ba. Saboda haka dillalin da ya rubuta "na tsakiyar Italiya, ƙarni na 3 zuwa na 2 kafin Miladiyya" ya fi wanda ya ambaci sunan gari babu hujja gaskiya, kuma shi ya fi cancanta a yi ciniki da shi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba idonka ilimi. Gidan tarihin Villa Giulia da ke birnin Rum shi ne babbar taskar kayan Etruskawa, sai na Fadar Batikan da aka kafa a 1837, da na Tarquinia da na Fulorans. A Landan akwai tari mai yawa na gaɓoɓin yumɓu da Henry Wellcome ya tara saboda sha'awarsa ga tarihin magani, waɗanda yanzu ke hannun Gidan Tarihin Kimiyya, kuma an sa hotunan da yawa daga cikinsu a intanet tare da awonsu. Wanda ya zauna ya kalli kawuna 100 na gaske, ya lura da yadda gashi ke kwanciya a goshi da yadda ake yanke wuya a ƙasa, ba zai yi saurin ruɗuwa ba ranar da aka kawo masa na 101.

Sanin yadda aka yi su shi ne rabin sanin na gaske. Magini yakan fara gina samfuri, ya lulluɓe shi da yumɓu ya cire, ya gasa, ya sami mazubi mai ɗauke da siffar fuskar a cikinsa. A cikin wannan mazubi yake danna faifan yumɓu da yatsa, sa'an nan ya haɗa bayan kan, wanda sau da yawa da hannu ake gyara shi ba tare da wani ado ba, tun da bango zai fuskanta. A ƙeya ko a tsakiyar ka akan bar rami domin iska mai zafi ta sami hanyar fita kada abin ya fashe a wuta. Idan mazubi ya tsufa, maimakon a koma ga samfurin asali sai a ɗauki ɗaya daga cikin kawunan da aka riga aka gasa a yi sabon mazubi daga jikinsa, kuma da yake yumɓu na tsukewa idan ya bushe ya sha wuta, kowane sabon zubi yakan fi na baya ƙanƙanta, idanu da laɓɓa su ƙara dushewa. Don haka fuskar da ta yi shafe-shafe ba alamar jabu ba ce, hasali ma yawancin na gaske haka suke. Yumɓun kudancin ƙasar Etruskawa yana da garwaye da ƙasar dutse mai aman wuta, shi ya sa idan ka sa gilashin ƙara girma a bakin wata tsohuwar karaya za ka ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙyalli a cikin jan yumɓun. Wani lokaci kuma ragowar fenti kan maƙale a lungun kunne ko tsakanin gashi, ja a fatar maza, fari a ƙarƙashinsa.

Salsalar abu kafin komai

A nan ne ya kamata a daɗe. Tun shekarar 1909 dokar Italiya ta mai da duk kayan tarihin da aka tono daga ƙasa mallakar gwamnati, dokar 1939 ta ƙarfafa hakan, kundin dokokin kayan al'adu na 2004 ya tattara su wuri ɗaya, kuma a 2022 aka shigar da laifuffukan da suka shafi kayan tarihi cikin kundin hukunta manyan laifuka tare da tsananta hukunci. Ma'anar wannan ga mai saye a sarari take. Kan yumɓun da ya fito daga ƙasa bayan 1909 ya kuma bar Italiya ba tare da izinin hukuma ba, a idon Italiya kayan sata ne, ko da ya bi hannu goma kuma kowane hannu ya biya kuɗi da zuciya ɗaya. Akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan al'adu, wadda manyan gidajen tarihi suka mai da shekararta ma'auni, ta yadda abin da ba a iya nuna cewa yana wajen ƙasarsa kafin 1970 ba, ko ya fita bayan nan da lasisi, ba sa saye kuma ba sa karɓa ko da kyauta ne. Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 2001 da ta taƙaita shigo da irin waɗannan kaya, Birtaniya ta yi doka a 2003 kan cinikin kayan al'adun da aka samo ta haramtacciyar hanya, Jamus ta yi tata a 2016.

Ba banza aka yi waɗannan dokoki ba. Masu haƙar sata, waɗanda Italiyawa ke kira tombaroli, sun shafe shekaru suna farke kaburbura da wuraren bauta a Cerveteri da Vulci da Tarquinia cikin dare. A 1995 jami'an tsaro suka buɗe rumbun dillali Giacomo Medici a yankin ajiyar kaya marar haraji na Janeba, suka tarar da dubban kayan tarihi da dubban hotuna, wasu na nuna kayan da ƙasa a jikinsu ba a ko wanke ba, kuma kotun Rum ta same shi da laifi a 2004. Da irin waɗannan hotuna ake gano kaya a wuraren gwanjo har gobe. Shahararren tulun nan na Euphronios, mai zanen tukwane na tsohuwar Girka, wanda aka sace daga wani kabari a Cerveteri, gidan tarihin Metropolitan na Amurka ya saye shi kan dala miliyan 1 a 1972, amma a 2008 sai da ya koma Italiya. Wanda ya fi ka ƙarfi da lauyoyi ya mayar, balle kai.

Akwai kuma asarar da ta wuce ta aljihu, wadda ni ita ta fi damuna. A Fontanile di Legnisina kusa da Vulci, inda masana suka yi haƙa bisa ƙa'ida, an sami mahaifu na yumɓu masu yawa a wuri ɗaya, wasu ɗauke da sunan Vei a rubuce, kuma da aka ɗauki hoton eksire aka ga ƙananan dunƙulen yumɓu a cikin wasunsu, abin da wasu masana ke fassarawa da alamar ɗan tayi. Daga wannan aka san wa ake roƙo a wurin da kuma abin da ake roƙa. Da ɓarawo ne ya riga su, da mahaifun sun watsu ɗai-ɗai a kan kantocin duniya, kuma matan da suka taka zuwa wannan wurin bauta da damuwarsu da ba wanda zai san labarinsu.

To mene ne hujja mai ƙarfi? Tsohon kundin gwanjo mai kwanan wata da hoton abin, rasit na tsohon dillali mai bayyana siffa da awo, takardar rabon gado ko jerin kayan inshora, hoton ɗaki da aka ɗauka tun da daɗewa wanda abin ya fito a ciki, littafi ko mujallar masana da ta buga shi, ko lasisin fitarwa daga hukumar Italiya. Na taɓa riƙe wata ƙafar yumɓu wadda a tafinta akwai 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa saboda tsufa, gefenta ya naɗe, an rubuta lamba a kanta da tawadar da ta koɗe, kuma lambar ta yi daidai da ta wani tsohon littafin jerin kaya da magadan mai ita suka adana. A wurina wannan 'yar takarda ta fi ƙafar kanta daraja. Amma ko an ba ka hoto, ka zauna ka gwada shi da abin da ke hannunka, tsaga da tsaga, tabo da tabo, domin kawuna 20 na iya fitowa daga mazubi ɗaya, kuma marar gaskiya na iya jingina takardar wani a kan wani.

Abin da ba hujja ba ne kuwa shi ne irin kalaman nan da suka cika kundayen talla, wai "daga tsohon tarin wani Bature", ko "daga tarin wani mutum a Suwizalan, shekarun 1980", ba suna ba kwanan wata ba takarda. Haka nan takardar shaidar inganci da mai sayarwa ya buga da kansa ya sa wa hannu, maganarsa ce kawai aka mai da rubutu. Ka tambayi sunan mai tarin, da shekarar da ya mallaka, da wanda ya sayar masa, ka nemi a ba ka kwafin takardun kafin ka biya. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce maka wani na nan tafe da kuɗi, ka bar masa kayansa.

Daga nan sai a bincika rumbunan bayanan kayan sata. Rundunar jami'an tsaron Italiya ta Carabinieri mai kare kayan al'adu, wadda aka kafa a 1969, tana da nata, 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol suna da nasu har da manhajar waya mai suna ID-Art, akwai kuma kamfanin Art Loss Register da ke bincike a biya shi. Sai dai a fahimci iyakarsu, domin abin da aka sace daga gidan tarihi ko gidan wani shi ke shiga rumbu, wanda aka tono jiya da dare kuwa babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa balle ya kai rahoto. Rashin ganin abu a jerin ba ya wanke shi. Idan kuma za a fitar da shi daga Tarayyar Turai, kayan haƙa da suka haura shekara 100 suna buƙatar lasisin fitarwa komai ƙanƙantar kuɗinsu, kuma a tabbatar an bayyana wa kwastam ainihin abin da yake.

Jabu da gyaran da aka ɓoye

Gasasshen yumɓun Etruskawa ya daɗe yana jan 'yan jabu, kuma manyan masana ma sun sha faɗawa. Gidan tarihin Metropolitan ya sayi manyan siffofin mayaƙa uku tsakanin 1915 da 1921 ya baje su shekaru da dama, har sai da gwaji ya nuna sinadarin manganis a baƙin fentinsu, wanda magina na da ba su yi amfani da shi ta wannan hanya ba, sa'an nan a 1961 Alfredo Fioravanti ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka ƙera su, ya fito da babban yatsan ɗaya daga cikinsu da ya ajiye tun lokacin. Gidan Tarihin Birtaniya ma ya nuna wani akwatin gawa na yumɓu fiye da shekara 60 kafin ya janye shi a 1935.

A kayan bakance jabu kan zo ta fuska uku. Akwai sabo fil da aka zuba daga jikin na gaske aka shafa masa ƙasa, akwai haɗe-haɗe inda aka ɗauki tsofaffin gutsattsari daga abubuwa daban-daban aka liƙa su zama ɗaya, akwai kuma na gaske wanda aka sake sassaƙa idanunsa ko aka ƙara masa hanci da fenti don ya yi kuɗi. Ƙasar da ta daɗe a jikin abu tana kamawa ba daidai ba, ta yi kauri a lungu ta yi ɓawon fari mai tauri, wani lokaci da siraran sawun saiwoyi, alhali wadda aka dama da gam tana kwanciya bai ɗaya har a wuraren da bai kamata ba. Bakin tsohuwar karaya yakan dakushe ya ɗauki launin sauran jiki. Fitila mai hasken ultrabayolet a ɗaki mai duhu tana tona gam da cikon zamani saboda haskensu ya bambanta da na yumɓu, hoton eksire kuma yana nuna gaɓar haɗi da ƙarfen da aka ɓoye a ciki. Shi kansa gyara ba aibi ba ne, tun da kaɗan ne daga cikin kayan nan suka fito daga rami lafiya lau, ɓoye shi ne aibi.

Ga abu mai tsada ana yin gwajin hasken zafi, wanda 'yan kasuwar ke kira TL. Ƙwayoyin ma'adinai da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi a hankali daga tururin radiyeshan marar ganuwa da ke fitowa daga yumɓun kansa da ƙasar da ke kewaye da shi, wuta kuma tana share shi, don haka idan aka huda wurin da ba a gani aka ɗebi gari kamar miligiram 100 aka zafafa a ɗakin gwaji, hasken da ya fitar yana nuna kimanin tsawon lokacin da ya wuce tun gasawar ƙarshe. Kuskurensa kan kai wajen kashi 20 cikin 100, wato yana raba tsoho da sabo amma ba ya faɗin ƙarni daidai. Kuma wurin da aka ɗiba kawai yake shaida, shi ya sa masu haɗe-haɗe ke sa tsohon guntu a gindi inda suka san za a huda. A ɗebi samfuri daga wuri biyu ko uku, a kuma tabbatar hoton da ke jikin rahoton na wannan abin ne.

Game da kuɗi, ƙananan gaɓoɓi kan tashi a ɗaruruwan yuro, kai mai kyau mai cikakkiyar salsala kuwa yana shiga dubbai, kuma arahar da ta wuce hankali ita kanta gargaɗi ce. A rasit a rubuta siffa da awo da zamani da duk gyaran da aka yi da salsalar mallaka, tare da alkawarin mayar da kuɗi idan ya bayyana jabu ne ko wata ƙasa ta yi da'awarsa da hujja. Kada a shiga da niyyar riba, domin ƙa'idojin kasuwar kullum ƙara tsanani suke yi, kuma abin da ba shi da takarda kullum ƙara wuyar sayarwa yake yi.

Idan ya zo hannunka

Yumɓun nan ba a gasa shi da wuta mai tsanani ba, yana shan ruwa, kuma sau da yawa akwai gishirin ƙasa a cikinsa wanda ke narkewa idan laima ta yi yawa ya sake daskarewa idan an bushe, har ya riƙa ɓarke fatar abin. Saboda haka a ajiye shi inda laima ba ta hawa da sauka, wajen kashi 40 zuwa 55 cikin 100, nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki. Kada a wanke shi, kada a shafa masa mai ko kakin zuma, ƙura kuwa a share ta da burushi mai laushi. A ɗauke shi da hannu biyu ta gindi, ba ta kunne ko hanci ba, a kan tebur mai shimfiɗa. Idan ya karye a tattara har ɓarɓashin a kai wa ƙwararren mai gyaran kayan tarihi, wanda zai yi amfani da gam irin Paraloid B-72 da ake iya narkarwa a warware daga baya, ba gam mai kamawa nan take ba. Idan fari-fari kamar gari ya fara fitowa a jikinsa, gishirin ne ya motsa, kuma wannan ma aikin ƙwararre ne.

Kada a ɓare tsohuwar takarda ko a goge tsohuwar lamba don wai ta ɓata kyau. A buɗe masa fayil mai hotuna ta kowane gefe har da ciki da gindi, da awonsa, da rasit, da rahoton gwaji, da kwafin duk takardun da suka zo da shi, a ajiye kwafi ɗaya a wani wuri dabam. Idan wani mai nazari ya nemi ganinsa a ba shi dama ya auna ya ɗauki hoto, domin ta hanyar gwada awo da siffa ake gano kawunan da suka fito daga mazubi ɗaya, kuma wani lokaci ta haka ake danganta kan da ya yi shekara 100 yana yawo da haikalin da aka fara ajiye shi.